Ku Tambayi Gwaggo: "An hana ni faɗa wa ɗana cewa babansa ya rasu"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, kuma duk maganar rashi ce. Ta farko za ta ci wuri fiye da sauran, ku yi mani uzuri, dalilin zai bayyana a cikin amsar. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo, barka da aiki. Ni mace ce 'yar shekara 29, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Maigidana ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, yanzu haka ina cikin takaba. 'Ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara shida da mace da nake goyo. Ranar da abin ya faru aka ɗauke yaron aka kai shi gidan yayata, sai bayan sadakar uku aka dawo da shi. Surukata ta ce kada wanda ya kuskura ya faɗa masa, a ce Abbansa ya tafi Legas, in ya yi wayo zai gane da kansa. To Gwaggo, kullum in magariba ta kawo jiki sai ya je ƙofar gida ya tsaya, da ya ji ƙarar babur ya ruga. Shekaranjiya ya miƙo mani wayata ya ce in kira masa shi. Ya koma fitsarin kwance, abin da ya daɗe da dainawa. Ina jin nauyin Hajiya, ɗanta ta rasa, ba na so in ƙara mata wani. Amma ƙaryar nan tana cin raina. Yaya zan yi?

AMSA

Ɗiyata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ya ba ki dangana, ya raya abin da ya bari. A faɗa wa yaron nan. Kuma kada a jira ki fita takaba, wata huɗu da kwana goma ya yi yawa ga yaron da ke tsayuwa ƙofar gida kullum.

Ni aka yi wa irin wannan ɓoyon, shi ya sa ban tsaya kwana-kwana ba. A 1973 ne, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, shekarar da fari ya ƙone amfanin gona a ƙasar Katsina da Daura har cikin Nijar. Ina da shekara bakwai, muna zaune a Rafindaɗi. Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Da asuba aka sungume ni da barci a idona aka kai ni maƙwabta. Da aka maido ni na tarar da ɗakinta a kulle, aka ce ta tafi Maraɗi ganin gida. Na yarda, don danginta can suke, kuma ta taɓa zuwa ta dawo mani da dabino da cuku.

Shekarar nan kuwa mutane kwararowa suke daga arewa, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, mata da kaya a ka da yara a baya, suna bi gida-gida neman abin sawa a baki. Ni da aka ce wa uwata tana arewa, duk matar da na hango daga nesa da ƙullin kaya sai in tashi tsaye. Har sukan zo daf da ni ina kallon fuskarsu, su ɗauka sadaka zan ba su. Da ƙaramar salla ta zo aka kai mu Ƙofar Soro kallon hawan Sarki Usman Nagogo. Sauran yara na ihu suna nuna 'yan lifida da dawakan da aka yi wa ado, ni kuma ina bin fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya, don a raina na yanke cewa ba yadda za a yi salla ba ta dawo ba.

A makarantar allo na ji gaskiya. Faɗa ya haɗa mu da wata yarinya a kan 'yar kurtun tawada, ta dube ni ta ce, "Ke da uwarki ta mutu har an rufe ta, kina nan kina jiran mota." Malam ya tsula mata bulala, amma bai ce ƙarya take ba, kuma ko da ƙuruciyata na lura da hakan. Na ruga gida na tambayi abokiyar zaman mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba. Na ga hawaye na ɗiga a bayan hannunta tana ci gaba da kaɗa rariya. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mani bayani, ranar ko bayanta.

Abin da ya biyo baya shi nake so ki auna. Na daɗe ba na gaskata babba. In aka ce babana ya je kasuwa sai gabana ya faɗi, in bi shi da ƙafa sai na gan shi da idona. Na kuma ƙudurce a raina cewa don na ƙi ɗaukar mata talla wata rana shi ya sa ta tafi. Ba wanda ya san ina ɗauke da wannan, balle ya sauke mani.

Wadda ta sauke mani ita ce ƙanwar mahaifiyata, da ta zo daga Maraɗi bayan an ɗauki lokaci. Ta kwantar da kaina a cinyarta tana yi mani kitso, tana tsaga da kibiya, sai ta ce gashina irin na yayarta ne, mai taurin kama hannu. Daga nan ta ɓalle da labari. Ta ce ita ce ta fi kowa iya matse man gyaɗa a gidansu, ƙuli-ƙulinta ba ya kwana. Ta ce tana da saurin dariya, tana tsoron ƙadangare. Ta faɗa mani yadda naƙudar ta zo da gardama, da cewa ta yi kalmar shahada. Na yi kuka har kitson ya tsaya, amma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Ita ce kuma ta tsaya kai da fata a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe karatun firamare kyauta, sai da aka sa ni boko duk da na girmi yawancin 'yan ajinmu. Daga nan na zama malamar makaranta har na yi ritaya. A aji na sha ganin marayu, kuma waɗanda aka faɗa wa gaskiya a gida sun fi saurin dawowa hayyacinsu.

Ban riƙe mutanen gidanmu da komai ba. Tausayi ne ya sa su, da kawaicin da aka san mu da shi. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, kuma na san ba mantawa ya yi ba. Haka Hajiyarki. Ba mugunta take yi ba, zuciyarta ce ba za ta iya ɗaukar kukan jikanta a kan nata ba. Don haka kada ki tsallake ta, kada kuma ki tunkare ta ke kaɗai kina takaba, maganar za ta iya zama ta suruka da matar ɗa. Ki samu baffan yaron, wan marigayin ko ƙaninsa, wanda Hajiya ke jin maganarsa. Ki faɗa masa tsayuwar ƙofar gida da fitsarin kwancen da maganar wayar, yadda kika faɗa mani. Ki tuna masa cewa duk yaran unguwa sun ga fitar da gawa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, wata rana a wajen ƙwallo wani zai yaɓa masa. In ya ga da buƙata ya tafi da limamin unguwarku.

Akwai abin da za su iya tuna wa Hajiya da shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana da shekara shida, sa'an ɗanki, mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i suna hanyar komawa Makka daga Madina. Yana tare da ita, Ummu Aimana ce ta ƙarasa da shi gida. Ya san ta rasu, ya san inda kabarinta yake, kuma bayan ya girma ya ziyarce shi ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi.

Ranar da za a faɗa masa, a zaɓi safiya, ya ci ya ƙoshi, ba baƙi a gidan. Ki ɗora shi a cinyarki, baffansa na kusa. Magana gajera: "Abba ya rasu. Mota ce ta yi hatsari da shi. Allah ya karɓi abinsa, ba zai dawo ba. Ba don wani abu da ka yi ba ne. Ni ina nan, Baffa na nan, Hajiya na nan." Kada a ce yana barci, sai yaron ya tsorata da kwanciya. Kada a ce ya yi tafiya mai nisa, don matafiyi ana sa ran dawowarsa. In ya ce me ya sa aka ce masa Legas, ki ce mun ji tsoron kada ka yi baƙin ciki, amma yanzu gaskiya muka faɗa maka. In hawaye ya zo maki ki bar shi ya zubo, ba abin da zai cutar da shi don ya ga uwarsa na kukan ubansa.

Kada ki yi mamaki in ya saurara, ya zame daga jikinki ya tafi wasa. Yaro ɗan shekara shida bai gama gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, gobe zai iya sake tambayar yaushe Abba zai zo. Ki maimaita masa amsar nan dai, ba tsawa. Fitsarin kwance kuma kada a dake shi, kada a bari a yi masa waƙa, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado a ƙyale shi. Yawanci yakan wuce in hankali ya kwanta. In ya ja lokaci, ko yaron ya daina cin abinci, ko ya daina magana, a kai shi asibiti. Ki kuma sanar da malamansa na boko da na Islamiyya.

Ki koya masa "Allah ya jiƙan Abba" bayan kowace salla, yaro yana son a ba shi abin yi. In ya nuna yana so, baffansa ya kai shi maƙabarta wata Juma'a ya ga wurin. Ki adana masa hular uban ko agogonsa, amma ki tuna kayan mamaci gado ne, ki faɗa wa magada a lissafa su cikin rabon yaron don kada a zo ana ƙananan maganganu. Saƙonnin muryar da marigayin ya turo maki ta WhatsApp ki tura su wata wayar tun yau. Waya takan faɗa ruwa ko a sace ta. Ni ko hoton mahaifiyata ban da shi.

TAMBAYA TA BIYU

Gwaggo, ni magidanci ne a Daura, ina sana'ar ɗinki. A 1996 ƙanena ya rasu da ciwon sanƙarau, ina shekara goma sha ɗaya yana takwas. Tabarma ɗaya muke kwana. Kwana biyu kafin ya kwanta ni na ja shi cikin rana tsaka muka je ɗibar ruwa, yana cewa kansa na ciwo na ce raki ne. Da ya rasu na ji wata tsohuwa na cewa rana ce ta buge shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bana ɗana na fari ya cika takwas, kuma kamarsu ɗaya. Tun shigowar zafi ba na barci, nakan tashi cikin dare in taɓa wuyansa. Wani lokaci ina kan keke sai kuka ya ƙwace mani. Wani dattijo ya gan ni ya ce rashin tawakkali ne namiji ya yi kukan mutuwar da ta daɗe haka.

AMSA

Ɗana, ba kai ka kashe ƙanenka ba. Rana ba ta sa sanƙarau. Ƙwayar cuta ce da ke zama a hanci da maƙogwaro, tana bi ta tari da atishawa da numfashi daga mutum zuwa mutum, har daga wanda ke ɗauke da ita shi lafiyarsa lau. Abin da ya sa ake haɗa ta da zafi shi ne lokacinta ke nan: iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, hanci da maƙogwaro sun tsattsage, mutane kuma sun cunkushe a ɗaki ɗaya. Ciwon kan da ya yi maka kuka da shi a hanya mai yiwuwa farkon ciwon ne, wato ya riga ya shiga jikinsa tun kafin ku ɗauki tulu. Kai kuma yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya da aka aika ɗibar ruwa.

Shekarar da kake magana ina aji ina koyarwa, ban manta ta ba. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a nan arewa. Manya masu ilimi da kuɗi sun rasa 'ya'ya a hannunsu suna kallo. Akwai benci a ajina da yara uku ke zama, muka dawo hutu saura biyu, kuma ɗayan ya dawo ba ya ji da kunne ɗaya.

Dattijon nan ina girmama shi, amma bai yi daidai ba. Da Ibrahim ɗan Manzon Allah ke gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki. Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu kuwa ya yi shekaru yana baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai kira shi marar tawakkali ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganganun jayayya da hukuncin Allah. Kai ba ka yi ko ɗaya ba.

Abin da ke damuna shi ne shirun da ka yi tun kana yaro. In mahaifiyarku na raye, ka je ka same ta ita kaɗai ka faɗa mata maganar ɗibar ruwan. Na san iyaye mata, ina kyautata zaton ita ma tana da nata "da na sani" da take ɓoyewa, da an kai shi asibiti da wuri, da kaza da kaza. In ba ta raye, ka faɗa wa maiɗakinka, ita da ke jin motsinka cikin dare ba ta san dalili ba.

Tsoron da kake ji wa ɗanka kuma ka mai da shi aiki. Yanzu ba 1996 ba ce. Akwai allurar rigakafi, har a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. Ka ɗauki katin rigakafinsa ka je asibitin da ke kusa da ku ka tambaya abin da ya samu da abin da ya rage. Ku riƙa buɗe taga da dare, a rage cunkoso a ɗaki. Ka san alamun: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ko suma. In ka ga haka asibiti kai tsaye a daren, ba kemis ba, ba jiran safiya. Ciwon yana jin magani in an kai da wuri. Idan ka yi duk wannan barcin bai dawo ba, kai ma ka ga likita ka faɗa masa yadda ka faɗa mani. Akwai masu duba damuwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya taɓu.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo, ina aure a Kaduna. Za a sayar da gidanmu na gado da ke unguwar Gambarawa a Katsina, inda kakarmu ta raine mu. Yayyena maza sun ce kuɗi suke buƙata. Akwai bedi a tsakar gidan da kakanmu ya shuka, a gindinta na yi wayo. Na ce ban yarda ba, yanzu ba sa ɗaukar wayata. Ina da ikon hanawa?

AMSA

Ɗiyata, ba ki da ikon tsare wa wani haƙƙinsa don ke kina ƙaunar wurin. Magaji in ya nemi a fitar masa da rabonsa dole a fitar, kuma in gida ba ya rabuwa ba tare da ya lalace ba, ƙima ake yi masa a sayar a raba kuɗin. Mai yiwuwa yayyenki kuɗin makarantar yara ke gabansu ko jari, ki yi masu kyakkyawan zato.

Amma ba a rufe maki ƙofa duka ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai shufu'a: wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba ya fi bare cancantar ya karɓi kason abokin tarayyarsa a kan kuɗin da aka sayar. Ki tambayi malamin da ya san gado yadda abin zai hau kan naku gidan. In ke da maigidanki da wata 'yar'uwa za ku iya haɗa kuɗin, ku saya, ko da sashen da bedin take ne in ana iya yanka shi. In ba hali, ki kira babban yayanku ta wayar matarsa ki ce kin janye, ki roƙi a ba ki mako biyu kafin a miƙa makulli. Ki zo da 'ya'yanki su kwana a ɗakin kakar, ki ɗauki hoton kowane lungu, ki zaunar da tsofaffin unguwar da suka san ta ki naɗi muryarsu a waya. Kuɗin da ya zo hannunki kuma a rubuta shi a takarda da shaidu biyu, kowa ya sa hannu, ke ma ki riƙe kwafi.